Matatar ruwan kifi ta tano uku da kainuwa: abin da na gani bayan wata goma a Maraɗi

Shekara biyu na yi ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti mai cin lita 2000 a bayan ɗakin girkin gidana da ke unguwar Zariya, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar canjin ruwa. Idan kifin ya fara girma, kwana biyu zuwa uku sun isa ruwan ya koma ƙasa-ƙasa, kumfa ta taru a kusurwa, wari kuma ya tarbi baƙo tun daga zaure. Sai a buɗe bututu a zubar da fiye da rabinsa, ya bi rariya ya kwanta a bakin titi, a sake cikawa da ruwan famfo wanda ake biyan kuɗinsa a ƙarshen wata. Maƙwabcina dattijo ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ranar da ya nuna kwatamin da hannu ya ce, "Malam, a nan jikokina suke wasa," na san lokacin neman mafita ya yi.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani matashi mai aikin famfo da ke da rumfa kusa da babbar kasuwa, wanda ban da gyaran bututu da ɗora tankunan ruwa a kan gini, yake haɗa wa masu kiwon kifi matatar da ke tace ruwan tanki ta mayar da shi inda ya fito. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na so ƙorafin ya bi shi kasuwa alhali ya gyara mafi yawan abin da na koka da shi. Ya haɗa mini matatar a watan Nuwamba, bayan an gama kaka, yanzu kuma muna cikin Satumba, wato ta ga hunturu, ta ga bazara, ta ga damina. Ina ganin wata goma sun isa mutum ya yi magana a kan kaya ba tare da ya zalunci mai su ko ya yaudari mai karatu ba.

Abin da ya kawo ba shi da wani kwarjini a ido: tano uku na shuɗiyar roba, irin waɗanda wasu ke kira durom, kowanne mai cin lita 200, da wasu biyu da ya tsaga a tsaye suka zama komi huɗu, da bututun roba, da ƙaramin injin tura ruwa irin wanda ake nutsarwa. Ruwan tanki na shiga tano na farko ta gefe, ta wata gwiwar bututu da aka karkatar, don haka sai ya riƙa juyawa a hankali kamar ana dama fura da ludayi, kashin kifi da ragowar abinci su kwanta a tsakiyar gindi, inda aka sa kan famfo na zubarwa. Tano na biyu cike yake da buhunan albasa masu raga da aka wanke aka dunƙule, su ne ke tare ƙananan ɓarɓashin da bai kwanta ba. Na uku kuma an cika shi da marafen gorunan roba, da guntayen tiyo, da fasassun jan bulo. Daga nan ruwan ya ratsa komayen, biyu masu tsakuwa, biyu masu ruwa zalla da kainuwa a kai, sannan ya koma tanki ta wani bututu mai ƙananan huji, yana sauka kamar yayyafi.

Aikin ya ɗauke shi kwana biyu shi da yaronsa, kuma abin da na biya, kaya da ladan hannu, ya yi daidai da abin da nake kashewa a abincin kifi na wata biyu zuwa uku idan sun girma. Hannunsa na da kyau, wannan ba na shakka. Duk inda bututu ya huda tano ya sa masa zoben robar da ya yanko daga tsohuwar robar cikin taya, ya ɗaure ciki da waje, kuma a wata goma wuri ɗaya kaɗai ya yi yoyo. Bai like ko'ina da gam ba, ya bar mahaɗai masu kwancewa a tsakanin tanunnukan, abin da sai ranar wanki mutum ke sanin darajarsa. A jikin kwalin injin an rubuta lita 2000 a awa, amma da na tara jarka mai lita 20 a bakin bututu ina kallon agogo, minti ɗaya cif ta ɗauka kafin ta cika, wato lita 1200 a awa. Wannan ba ha'inci ba ne, domin kowane inji ƙarfinsa na raguwa gwargwadon tsayin da yake ɗaga ruwa, sai dai ya kamata mai saye ya auna da kansa kada ya dogara da rubutun kwali.

Akwai abubuwan da ya yi tun ranar farko da suka sa na yarda da shi. Kafin ya sayi kowane tano sai da ya buɗe ya sunsuna, ya tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, ya ƙi wani mai araha saboda ba a san asalinsa ba. Da na ɗauko masa wani tsohon gidan sauro na ce a sa a tano na biyu tunda ragarsa ta fi ta buhu laushi, ya riƙe shi ya duba bakin ɗinkin, sannan ya miƙo mini ya ce, "Baba Malam, wannan mai magani ne, irin wanda ake rabawa. Abin da ke kashe sauro a jikinsa yana kashe kifi, ko an wanke shi ban yarda da shi ba." Gaskiyarsa ce, domin maganin da ake jiƙa waɗannan gidajen sauro da shi yana daga cikin mafi haɗari ga kifi, ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. Haka kuma da aka sauke tsakuwa, ya ɗebi ƴan ƙwayoyi a tafin hannu ya matsa musu lemun tsami yana kallo. Tsakuwar da ta yi kumfa tana da sinadarin farar ƙasa, kuma irinta tana ɗaga ma'aunin pH na ruwa (awon da ke sauka idan ruwa ya yi tsami, ya hau idan tsamin ya ragu) har tsiro ya kasa shan abin da yake buƙata. Tamu ba ta yi kumfa ba, sai aka wanke ta aka zuba.

Inda ya gaza shi ne bayani. Abin da ya gaya mini bai wuce cewa tanunnukan suna tace datti, tsirrai kuma suna shanye abin da ya rage, kuma daga yau na rabu da canjin ruwa. Kashi na farko gaskiya ne amma guntu, kashi na ƙarshe kuma ba gaskiya ba ne, kuma wannan giɓi shi ya jawo mini duk asarar da na yi.

Dattin da ido ke gani ba shi ne babban abin tsoro a ruwan kifi ba. Kifi na fitar da amoniya, galibi ta jajayen sassan gefen kansa da yake numfashi da su, kuma kilo ɗaya na abincin kifi na barin kimanin giram 30 na wannan guba a cikin ruwa. Amoniya ba ta da launi, raga ba ta tare ta, yashi ba ya tace ta, kuma illarta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko pH ya hau. Abin da ke kawar da ita ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, da ke zama a jikin marafen nan da bulon da tsakuwar. Kashi ɗaya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta koma nitirit, wanda shi ma guba ne, domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Wani kashin, irin su Nitrobacter da Nitrospira, su mayar da nitirit ya koma nitirat, wanda kifi ke iya jurewa da yawa, kuma shi ne takin da saiwar tsiro ke sha. Waɗannan ƙwayoyi ba a sayo su da tano, suna taruwa ne da kansu, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Suna buƙatar oksijin dare da rana, kuma sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe su. Tano na uku, wanda ya fi kama da juji, shi ne zuciyar matatar.

Ban san wannan ba a lokacin. Na zuba ƴaƴan tarwaɗa 100 a mako na farko, kuma abin da ya cece ni shi ne ƙanana ne, abincin da suke ci bai taka kara ya karya ba. A wata na biyu na buɗe tano na uku na ga marafen sun yi wani yauƙi mai launin ƙasa, sai na ɗauka ƙazanta ce, na juye su a baho na sa yara suka wanke su tas da ruwan famfo. Bayan kwana uku kifin ya daina rububin abinci, wasu suka tsaya a tsaye a saman ruwa, gashin bakinsu kaɗai ke motsi, alhali ruwan garau yake har ana ganin ƙasan tanki. Ɗan ƙanwata da ya karanta aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ya zo ya duba, ya ce, "Kawu, ma'aikatanka ka wanke ka zubar." Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na kawo a sama, ya kuma sa aka sayo mini ƴan kwalaben gwajin ruwa daga Kano. Da muka ɗiga maganin gwajin a ruwan da nake alfahari da haskensa, sai launin ya nuna amoniya ta hau. Tun daga ranar, idan marafen sun cushe, a ruwan tankin kansa nake ɗauraye su sama-sama, kuma rabi kawai a lokaci guda. Ruwan famfon da zan ƙara kuwa sai ya kwana a buɗaɗɗen tano tukuna. Da mai aikin ya ɗauki minti goma ya gaya mini wannan ranar da ya karɓi kuɗinsa, da ban shiga wannan hali ba.

Tsirran su ne ɓangaren da ya fi faranta mini rai. Kainuwa ba ta da na biyu wajen saurin yaɗuwa: tafi biyu na zuba a kowane komi, kafin mako uku ta rufe fuskar ruwan, kuma idan ka ɗaga guda ɗaya sai ka ga saiwarta ta sauka kamar gemu, ɓarɓashin da ya kuɓuce wa buhunan albasa ya maƙale a jiki. Amma amfaninta na cikin kwashe ta. Takin da ta sha yana jikinta, idan aka bar ta ta tsufa ta ruɓe a cikin komi, ta mayar wa ruwan abin da ta ɗauka, don haka kowace Juma'a nake kwashe kashi ɗaya cikin uku in zuba a ramin taki. A komayen tsakuwa na gwada na'a-na'a da ɗoɗɗoya da reshen dankali da salati. Na'a-na'a ta kama har ta fi ƙarfin shayin gidan, maiɗakina na aika wa maƙwabta. Reshen dankali, wanda kawai na soka a tsakuwa, ya fitar da farar saiwa mai yawa, kuma shi ya fi jure zafin bazara. Salati ya yi kyau a Disamba da Janairu, amma da zafi ya shigo sai ya yi tsawo ya yi ɗaci. Wani lokaci sababbin ganyen ɗoɗɗoya sun fito rawaya jijiyoyinsu na kore, alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda abincin kifi ba ya bayarwa isasshe.

Kainuwar daga wani kududdufi na hanyar Madarunfa aka ɗebo ta, kuma a nan ma sai na yaba wa mai aikin, domin bai zuba ta kai tsaye ba. Ya wanke ta, ya bar ta mako guda a baho daban, muna tsince dodon koɗi da matsattsaku da ke fitowa daga saiwar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yara, tunda wasu dodon koɗin ruwa su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Wani ya ba ni shawarar in nemo tsiron nan mai shuɗin fure da masu Faransanci ke kira jacinthe d'eau, wai ya fi kainuwa shan datti. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya ƙi. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma duk wanda ya ga yadda yake shimfiɗa a kan kogin Kwara a Yamai, yana hana masunta jefa taru, ba zai so ya zama sanadin shigarsa Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa ba. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashi tsiro daga tsakar gida ya bi da shi kwata har gulbi.

Batun cewa an rabu da canjin ruwa, lissafi kaɗai ya isa ya warware shi. Masu bincike a Jami'ar Tsibiran Virgin da ke yankin Karebiyan, waɗanda suka daɗe suna haɗa kiwon kifi da noman ganye a ruwa ɗaya, sun tsayar da ma'aunin giram 60 zuwa 100 na abincin kifi a rana ga kowane murabba'in mita na shuka. Tarwaɗa 100 da suka kai rabin kilo kowanne suna cin kusan kilo ɗaya a rana, wato suna buƙatar shukar da ta kai murabba'in mita 10 zuwa 16 kafin a ce tsiro ya shanye takin da suke fitarwa. Komayena huɗu gaba ɗaya ba su wuce murabba'in mita 2 ba. Saboda haka matatar tana wadatarwa sarai a watannin farko, amma da kifin ya yi ƙiba sai nitirat ya riƙa taruwa, pH kuma ya riƙa sauka a hankali, domin aikin bakteriyar kansa yana ƙara wa ruwa tsami. Dole a ci gaba da zubar da wani kashi ana ƙara sabo. Na yi imani ba da niyyar yaudara mai aikin ya faɗi abin da ya faɗa ba, ya saba ganin matatunsa a makonnin farko ne, lokacin da komai ke tafiya daidai, ba ya nan a wata na biyar.

Babbar asarar ta zo a Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40. Wuta ta ɗauke bayan magariba, ba ta dawo ba sai da hantsi, ina wurin aiki. Ruwa mai zafi dama ba ya riƙe oksijin da yawa, abin da ke kusan miligiram 9 a lita a digiri 20 yakan sauka zuwa wajen 7.5 a digiri 30, kuma ruwan da ya tsaya cik a cikin tano mai cike da datti nan da nan yake ƙarar da ɗan abin da ke gare shi. Da wutar ta dawo, injin ya tashi da kansa ya tura wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Maiɗakina ta kira ni ta ce bayan ɗakin girki na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tarwaɗa kifi ne mai taurin rai, yana da wata gaɓa a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iska daga sama, shi ya sa ba su mutu a daren ba, da karfasa ce da ban tarar da ko ɗaya ba. Amma bakteriyar ta mutu da yawa, kuma a kwanakin da suka biyo baya nitirit ya hau. Na rasa kifi 11, manya, saura ƴan makonni a sayar. Da na buɗe gefen kan ɗaya daga cikinsu, wurin da ya kamata ya zama ja wur ya koma launin ƙasa. Na tsayar da abinci kwana biyu, na canza rabin ruwan, na narka gishiri kilo ɗaya na zuba, domin gishiri na rage shigar nitirit jikin kifi. Mutuwar ta tsaya, ko da yake kainuwar ta yi yaushi, don ba ta son gishiri.

Na kira mai aikin da zafin rai, kuma yadda ya karɓi maganar na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu nake tura masa mutane. Ya zo da la'asar a kan babur, ya tsuguna ya buɗe tano na biyu, ya ga baƙar lakar da ta taru a ƙasa, bai nemi ɗora mini laifi ba, ko da yake ni ma ina da nawa, tunda na yi kusan wata ban wanke buhunan ba. Ya ce, "Baba Malam, ya kamata tun farko in yi maka tanadin ɗaukewar wuta, wannan kuskurena ne." Bai karɓi ladan hannu a gyaran ba, kaya kawai na saya. Ya sauya injin da mai aiki da batir, ya haɗa shi da faifan sola, ya ƙara ƙaramin injin hura iska a tano na uku. Ya sa wani kan famfo kafin komayen, ta yadda idan inji ya tsaya na awoyi, sai a fara zubar da ruwan tanunnukan a gindin itace kafin a bar shi ya koma wurin kifi. Ya kuma gyara wani abu da ni ban lura da shi ba: a da injin na cikin tankin kifi, yana niƙa kashin ya koma gari har ya ƙi kwanciya a tano na farko, yanzu kuma ya sauke tanunnukan ƙasa ruwa na gangarowa da kansa, injin na can ƙarshe inda ruwa ya riga ya tsarkaka. Wannan gyara ya kusan ninka kuɗin da na kashe da farko, kuma duk mai lissafin sayen irin wannan matata a garin nan ya sa shi a cikin lissafinsa tun daga farko.

Bazara ta koya mini cewa shuɗin tano a rana tukunya ce, sai da na kafa rumfar zana a kan tanunnukan da tankin, na bar komayen su sami ranar safe. Tsirran da iskar bazara suna shan ruwa sosai, kullum sai an ƙara. A hunturu kuwa kifin ya rage ci, ƙura da ganyen dogon yaro suka riƙa toshe hujin bututun yayyafi, abin da tsinke ɗaya ke warwarewa.

Damina ta zo da nata. Komayen kainuwa wuri ne da sauro ke so, domin ganyen na kare tsutsarsa daga motsin ruwa, akwai ma irin sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa tana shaƙar iska ta nan. A garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina, ba zan yarda in reni sauro a bayan ɗakin girki don in ceci ruwa ba. Mai aikin bai taɓo wannan batu ba ko sau ɗaya, kuma ina ganin ya kamata ya zama cikin abin da yake faɗa wa kowa. Na saki ƴan ƙananan karfasa biyu a kowane komi, na rage kaurin kainuwar yadda ruwa zai riƙa bayyana a tsakani, kuma tun daga nan idan na ɗebi ruwan a farin kofi ba na ganin tsutsa.

Duk da wannan, abin da na sayi matatar dominsa ta yi shi. A da ina zubar da kusan lita 3000 a mako idan kifin ya girma. Yanzu bokiti ɗaya ko biyu nake zubarwa kowace safiya daga gindin tano na farko, sai canjin lita 300 zuwa 400 a ƙarshen mako, da abin da nake ƙarawa saboda zafi, duka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na da ba. Wannan ɗan abin ma ba ya fita titi, domin baƙin ruwan safiyar taki ne mai ƙarfi, a gindin zogale da lemun tsami nake juye shi, kuma zogalen ya yi ganyen da sai ka ce a lambunan Jiratawa aka shuka shi. Bakin titi ya bushe, warin zaure ya tafi, takardar kuɗin ruwa ta sauka. Ban ga kifin ya fi na da saurin girma ba, ban kuma ji bambanci a ɗanɗano ba, don haka wanda aka yi wa alkawarin waɗannan biyun ya yi hattara.

Aikin da ta ɗauke mini na jan ruwa ta maye gurbinsa da wani mai sauƙi amma mai son kullum: buɗe kan famfon tano na farko bayan sallar asuba, leƙa bututun yayyafi, kallon yadda kifin ke karɓar abinci, wanke buhunan albasa duk mako, gwada ruwa duk bayan ƴan kwanaki. Minti goma sha biyar ne a rana, amma ba a tsallake su. Wanda ke yawan tafiya Kano ko Yamai ya bar gida ba mai kula, wannan matata ba tasa ba ce, gara ya ci gaba da canjin ruwa yadda ya saba. Wanda kuma ke da rijiya ko lambu a gefe, inda ruwan kifi ke tafiya kai tsaye cikin shuka, ba ya buƙatarta sosai. Ta fi dacewa da irina, mai kiwo a tsakar gida cikin gari, mai sayen ruwa, mai maƙwabta a kowane gefe.

Ga wanda ya yanke shawarar zuwa wurin wannan matashi ko wani mai irin sana'arsa, ina ba da shawarar ya faɗa masa nauyin abincin da kifinsa zai ci a rana idan ya girma, a auna girman matatar da wannan, domin yawan ƴaƴan kifin da aka zuba a ranar farko ba ya nuna komai. Ya nemi a sa batir da sola a cikin cinikin farko, a sa injin a ɓangaren ruwa mai tsabta, a sa kan famfo a gindin kowane tano. Ya fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan har mako shida su wuce, kuma ya mallaki abin gwajin amoniya da nitirit kafin ya mallaki kifin. Ni dai na zuba zubi na biyu a watan Yuni, na rage su zuwa 80, kuma mun yi magana da shi zai zo bayan an cire amfanin gona ya ƙara mini tano ɗaya na marafe da komi huɗu a jikin katangar gabas, inda nake so in gwada tumatir da alayyafo a sanyin bana.